Yadda Muhyiddeen Ya Yi Da Jitocin Zumuntar Mata

Ku matso ku ji aikin da Muhyiddeen ya yi, in kun gama ji ku yanke hukunci da kanku.

A wani kamfanin jimar fata da ke Challawa, wanda Alhaji Shu'aibu ya gada daga mahaifinsa, akwai wani direban motar ɗaukar fatu mai suna Muhyiddeen. Duk abin da ya sani na kiɗa ya samo shi ne a wata uku da ya yi a Legas yana ɗaukar wa wasu makaɗa lasifika daga mota zuwa dandamali. Amma in ka ji shi a rumfar Hajjo mai abinci da ke bakin get, sai ka rantse shi ya koya wa Turawa riƙon jita.

Wata Litinin Alhaji ya tara ma'aikata ya shaida musu cewa wani tsohon Bature, wanda ya shekara talatin yana sayen fata a hannunsu, zai zo yi musu bankwana ranar Asabar ta sama. An ce ba abin da tsohon yake so a duniya kamar kiɗan rok na zamanin samartakarsa, mai jita da ihu. Alhaji ya ce a samo irin waƙoƙin a waya a jona da lasifika. Muhyiddeen ya yi wuf ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, a kunna wa babban baƙo waya kamar mun kai shi teburin mai shayi? Ina raye? A ba ni mutum uku da kwana goma, in Baturen nan bai yi kuka ba a karɓe mukullin motata."

Alhaji ya dube shi. "Ka iya?"

"Ni da nake karanta kiɗa a takarda kamar jarida?"

Alhaji ya ce to. Sai bayan an watse aka tuna cewa duk kamfanin ba jita ko ta roba. Nan ne Muhyiddeen ya nufi ɗakin bakin get, wurin Malam Istifanus.

Malam Istifanus tsohon malamin firamare ne, ya shekara talatin da biyar a aji kafin ya yi ritaya. Yanzu shi ke rubuta shiga da fita a kamfanin, shi ke danna jiniyar canjin aiki da shida na safe da kuma biyu na rana. Dattijo ne a cocinsu da ke Na'ibawa, shi ke koya wa mawaƙa waƙa, kuma shi kam da gaske yana karanta rubutun kiɗa. Cocin na da jita uku, waɗanda ƙungiyar matan cocin, wato zumuntar mata, suka saya bayan sun shekara biyu suna soya gyaɗa suna sayarwa. Mukullin akwatinsu na hannun Kande, shugabar zumuntar, matar da ko fasto sai ya gyara murya kafin ya yi mata magana.

Sau biyu Muhyiddeen yana roƙon aron jitocin, sau biyu Malam yana cewa a'a. A na uku Alhaji da kansa ya leƙo ta taga ya roƙe shi, ya ji nauyi. Da yamma ya je wurin Kande.

Ta ce, "Malam, don ku ne kawai. Asabar ta sama, ranar bikin naku, da la'asar mata arba'in za su taru a ƙofar gidana gwajin waƙar Ista. Jita uku na ba ku, jita uku nake so in gani, yadda suka fita."

Malam ya dafa ƙirji ya ce ta bar komai a wuyansa. A lura da wannan. Mutum ne da bai taɓa mayar da littafin aro da naɗaɗɗen shafi ba.

Ranar Laraba, lokacin cin abinci, ya leƙa rumfar shanya fatu inda ake gwaji. Ya tarar da Muhyiddeen ya manna wata takarda a jikin ginshiƙi, wadda ya bugo a shagon kwamfuta, ga jitocin a jingine. Malam ya ɗauki ɗaya ya ƙirga tsirkiya. Ya sake ƙirgawa. Ya ɗauki ta biyu.

"Muhyiddeen, ina ta shidan?"

"Baba, ku dubi takarda mana. Layi nawa kuka gani?"

"Biyar."

"To! Layi biyar, tsirkiya biyar. Ta shidan nan kuskuren kamfanin da ya ƙera ne, na cire musu ita duka."

"Layukan nan ba tsirkiya ba ne! Matakalar murya ce, suna nuna inda sauti ya hau da inda ya sauka."

"Wannan a kiɗan coci ke nan, Baba. Rok daban ne. Kun ga waɗannan masu kama da ludayi? Baƙin ludayi a daka da ƙarfi, farin ludayi a sassauta. In ludayi biyu suka riƙe hannu, mutum biyu su daka tare."

Malam ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce ko ɗan aji uku ya faɗi haka sai ya durƙusa a rana. Ya ce a mayar da tsirkiyoyin kafin gobe. Muhyiddeen ya ce ba komai, suna nan a ajiye, da an gama biki zai ɗaura. Malam ya so ya kwashe jitocin a lokacin, sai ga Alhaji ya wuce yana ɗaga masa hannu yana cewa Allah ya saka da alheri. Ya bar su ya koma ɗakinsa.

Mutum ukun da Muhyiddeen ya zaɓa su ne Idi, Ɗayyabu da Lawan. Bai zaɓe su don kunne ba, don faɗin ƙirji ne, ya ce haka makaɗan rok suke. Gishiri da farar ƙasa sun riga sun mayar da yatsunsu kamar rogo. Waƙar kuwa kod uku ce kacal, an rubuta su da haruffa a saman layukan: G da C da D. Kod shi ne kamun da yatsu ke yi wa tsirkiyoyi don su yi amo tare, kuma duk mai jita yakan sauya kamun daga wannan zuwa wancan yayin da waƙa ke tafiya. Idi in ya kama na farko, sai an ɓamɓare masa yatsu ɗaya bayan ɗaya kafin ya kama na biyu.

Muhyiddeen ya yi tsaki ya ce shi ya ga inda Turawa suka wahalar da kansu.

"A kamfanin nan mai wanke fata shi ke aske ta? Mai aski shi ke rini? Kowa da injinsa. To haka za mu yi. Mutum ɗaya, kod ɗaya. Idi, kai ne G. Ɗayyabu, C. Lawan, D. Wanda na nuna da sanda ya daka, wanda ban nuna ba ya tsaya kamar soja."

Abin da bai tsaya ya duba ba shi ne, Idi ɗan aikin safe ne, Ɗayyabu na rana, Lawan na dare. Cikin kwana goman nan ko sau ɗaya ba su taɓa haɗuwa su uku ba. Kowa shi kaɗai yake gwaji, Muhyiddeen na cike gurbin sauran biyun da baki. Lawan kuwa da hantsi yake zuwa bayan ya kwana a tsaye, ana nuna shi da sanda yana gyangyaɗi.

Hajjo ce ta fara kai ƙara.

"Kai ɗan Legas! Abin nan da kuke yi, ko ana yanka jaki ne a bayan rumfa?"

"Hajjo, kunnenki bai waye ba. Wannan kiɗan manya ne."

"Manyan me? Jiya wani ya ajiye cokali ya tafi duba ko injin ne ya kama hannun mutum. In miyata ta kwana, a kanka zan juye ta."

"Ranar Asabar za ki nemi in sa miki hannu a takarda."

"In sa ka wanke min tukwane dai."

Ranar Talata ta biyu Malam ya sake leƙawa, ya tarar da sabon aiki. A gefen takardar akwai wasu ƙananan zane-zane masu kama da taga, da ɗige-ɗige da ke nuna inda yatsa zai zauna. Don kada mutanensa su manta, Muhyiddeen ya ɗiga wuraren a wuyan kowace jita da rinin fata, shuɗi. Duk wanda ya taɓa aiki a majema ya san an yi rinin nan ne don kada ya fita har abada.

"Wa ya ba ka izini?" in ji Malam.

"Baba, gyara na yi muku kyauta. Yanzu ko makaho zai iya kiɗa a cocinku."

"Makaho zai ga shuɗi?"

"To, mai ido ɗaya."

Malam ya koma gida ya kasa cin tuwo. Ya shirya jawabin da zai yi wa Kande a kan ɗigon rini, sakin layi uku, ya haddace. Bai san cewa jawabin ba zai kai ko'ina ba.

Ranar Asabar aka share filin kamfani, aka kafa rumfa don manya, aka jera katakon ɗora kaya aka yi dandamali a fili cikin rana. An sa biki ƙarfe ɗaya. Malam na ɗakin get yana rubuta sunayen baƙi, ba halin ya motsa. Da misalin sha ɗaya Muhyiddeen ya ga har yanzu yatsun mutanensa na zamewa daga kan shuɗin, sai ya yanke shawarar ya sallami yatsu gaba ɗaya. Ya sa aka yanko masa igiyar ɗanyar fata daga ramin jiƙo, ya ɗora 'yan guntayen katako a kan kowane ɗigo, ya naɗe su tam da igiyar. Ragowar ya ja ta daga kan jitar har gindinta ya ƙulle, don kada ta zame. Su huɗun duk sun san ɗanyar fata in ta bushe matsewa take yi, shi ya sa ma suka zaɓe ta. Ba wanda ya tambayi inda matsewar za ta tsaya.

Da sha biyu da rabi Muhyiddeen ya zo tagar Malam. Kafin Malam ya gan shi ya fara jin warinsa. Ya ce makaɗan rok rigar fata suke sawa, don haka ya sa tela ya ɗinka masa ta fatar akuya da ba a gama jemewa ba. Ƙudaje na biye da shi kamar 'yan rakiyar ango.

"Baba, yau ku ɗan riƙe jiniyar nan har mu gama."

"Matsa baya tukuna. Ƙara matsawa. Jiniya ƙarfe biyu ce. In Alhaji na so a ɗage, ya rubuto ya sa hannu."

"Haba Baba, har sai an yi takarda?"

"Ba kai ne mai karanta takarda ba? Me na hango ka naɗa wa jitocin can?"

"Fasaha ce. Za ku gode min."

Ya juya ya tafi, bai kuma je wurin Alhaji ba, don yana ganin kafin biyu an daɗe da gama tafa masa.

Baturen bai zauna ba sai biyu saura kwata, saboda ya tsaya gaisawa da tsofaffin ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Duk wannan lokacin Idi da Ɗayyabu da Lawan na tsaye a kan katako, rana ta bazara na dukan su, igiyar fata na bushewa a hankali. Ɗayyabu ya ce a hankali, "Oga, tawa fa tana ƙara ita kaɗai." Muhyiddeen ya ce ɗoki take yi.

Biyu saura minti bakwai ya karɓi makirufo. Minti huɗu ya ci yana ba da tarihin kansa a Legas. Sannan ya ɗaga sanda ya nuna Idi.

Abin da ya fito daga jitar Idi ba G ba ne, ba kuma wani harafi da aka sani ba. Ya nuna Ɗayyabu, aka ji kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ya nuna Lawan, Lawan na barci a tsaye. Ya zungure shi da sandar, Lawan ya farka ya hau duka ba tsayawa, don kada a ce bai yi aiki ba. Muhyiddeen ya buɗe baki zai ja waƙa, ƙuda ya shige, ya hau tari a cikin makirufo, lasifika na rarraba tarin har kamfanin maƙwabta. Hajjo ta zauna a ƙasa tana riƙe da ciki don dariya.

Daga taga Malam yana ganin wuyan jitar Ɗayyabu na lanƙwasa kamar baka. Ya dubi agogo. Dogon hannu ya hau sha biyu. Ba takarda, ba sa hannu, ga injuna na jiran mutanen rana. Ya danna jiniya, kamar yadda aka ɗauke shi aiki ya yi.

Idi ɗan wani ƙauye ne a bayan Kumbotso, kuma motar ma'aikata minti biyar take jira, ba ta san biki ba. Jin jiniya jikinsa ya yi abin da ya saba yi shekara tara: ya ajiye abin da ke hannunsa a inda yake, ya ruga. Jitar ya ajiye a matakalar dandamali, daidai hanyar mutum ɗari da hamsin na aikin safe da su ma suka tashi a guje. Malam ya ji ƙarar katakon har cikin haƙoransa.

Ɗayyabu shi kuma lokacin shigarsa ya yi. Ya miƙa wa Muhyiddeen tasa, "Oga riƙe, injina na jira." Tana isa hannun Muhyiddeen ta ce ƙaras! Wuyan ya rabu da jiki, ya yi tsalle ya faɗa cikin bahon lemon manyan baƙi.

Fili ya yi tsit, in ban da Lawan da har yanzu yake dakan D.

Sai tsohon Baturen ya miƙe yana dariya har da hawaye, yana tafi. Ya faɗa wa Alhaji wata magana, Alhaji ya fassara da fuskar da ba ta gama yarda ba: wai a zamaninsu manyan makaɗan rok sukan farfasa jitarsu a gaban jama'a in kiɗa ya yi daɗi, bai taɓa zaton zai sake ganin haka ba, balle a Challawa.

Muhyiddeen ya gyara rigar akuya. "Kun ji ko? Da gangan na yi! Yana cikin takarda!" Ya fizge jitar Lawan, ta ukun, ta ƙarshe, ya kama ta da hannu biyu ya ɗaga sama zai maka da ƙasa.

Malam Istifanus yana da shekara sittin da takwas da ciwon gwiwa. Waɗanda suka gani sun ce ba su ga fitowarsa daga ɗakin get ba, ganinsa kawai suka yi a kan dandamali, hannun hagu riƙe da jita, na dama riƙe da kunnen Muhyiddeen, irin riƙon da tsofaffin ɗalibansa ke tunawa har gobe.

"Wayyo Baba! Ana kallo!"

"A kalla. Sake ta."

"Ku ne fa kuka ɓata komai da jiniyarku!"

"Jiniya ce ta cire tsirkiya? Jiniya ce ta ɗiga rini? Jiniya ce ta shiga ramin jiƙo? Amsa min ɗaya bayan ɗaya!"

Malam ya ari wuƙar Hajjo ya yanke igiyar fatar, guntayen katako suka zube. Baturen, da yanzu ya fahimci jitocin na aro ne, ya daina dariya. Ya matso ya roƙi Malam ya ba shi ta minti ɗaya. Ya zauna a bakin katako, ya murɗa kunnuwanta har sautin ya daidaita, sannan da tsirkiya biyar ɗin da suka rage ya kaɗa waƙar. Yatsunsa masu rawar tsufa suna tashi daga G su sauka a C, su wuce D, su dawo, shi kaɗai.

Wani daga cikin masu rini ya ce da ƙarfi, "Kai! Ashe mutum ɗaya ke yin duka ukun!"

Lawan ya juyo ya dubi Muhyiddeen da jajayen idanu. "Kwana goma ban yi barcin safe ba. Ka ce min D ba ta yiwuwa sai da mutum guda a kanta."

"Wannan salon ƙasarsu ne, na Legas..."

"Ba shi jitar ya yi na Legas ɗin mu ji!" in ji Hajjo.

"Ba za a ba shi ba," in ji Malam, ya rungume ta.

Alhaji bai yi doguwar magana ba. Ya karɓi mukullin motar kamar yadda Muhyiddeen ya yi alkawari da bakinsa, ko da yake Baturen ya yi kukan, na dariya. Ya ce ya tsince gutsattsarin jita biyun nan kaf, ya bi Malam har Na'ibawa ya yi wa masu su bayani da kansa, kuma shi Muhyiddeen ɗin ne zai nemo madadinsu. Aka zuba masa su a buhun gishiri. Wani direban ya ja motar, Malam a gaba da jita a cinya, Muhyiddeen a baya cikin fatu, inda rigarsa ba za ta dami kowa ba.

Da la'asar suka isa. Mata arba'in na zaune a bencina a ƙofar gidan Kande, kowacce da littafin waƙa a hannu. Malam ya sauko ya miƙa jita ɗaya, mai tsirkiya biyar da ɗigon shuɗi. A rayuwarsa bai taɓa tsayawa gaban mutane ya rasa abin faɗa ba sai ranar. Kande ta juya jitar gaba da baya, ta dube shi, ta dubi buhun.

Muhyiddeen ya gyara murya. "Iyayena mata, barkanku da yamma. A ƙasar Turai, in jita ta fashe, babbar daraja ce ga..."

"Malam, ku zauna ku sha ruwa," in ji Kande. "Kai kuma, ɗana, zazzage buhun nan a tabarma. Mu arba'in muka soya gyaɗar, don haka mu arba'in za ka yi wa bayani, kowacce ita kaɗai. Fara da Mama Kyauta, ga ta can a ƙarshen benci. Ba ta ji sosai, sai ka ɗaga murya."

Har aka kira magariba yana kan ta goma sha ɗaya, aka ba shi buta da tabarma, aka ce in ya idar ta goma sha biyu na jira.

Hakan ya yi daidai, ba wanda ya ce bai yi ba. Amma bayani ba ya kiɗa. Ranar Ista da jita ɗaya aka yi sujada a coci, kuma har yau da ake wannan magana ba a ga madadi ba. Jita biyu ake jira, masu tsirkiya shida-shida, marasa rini. Muhyiddeen ya san hanyar shagunan kayan kiɗa na Sabon Gari, ya kuma san tagar bakin get ɗin da zai kawo su.